Yadda Na Sayar da Muryar Matattu a Moduganari

Ni ɗan unguwar Mafoni ne, a nan aka haife ni, a nan na yi karatu har na gama sakandare. Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da 'yan uwa da har yau suke sunkuyar da kai idan an ambace shi. Kafin in lalace, turare nake sayarwa a Kasuwar Litinin, a rumfar da mahaifina ya rasu ya bar min: turaren wuta, humra, kajiji da sandal. Ba mu da arziki, amma ni da mahaifiyata ba ma kwana da yunwa. Ina kuma da wata baiwa da na ɗauka abin wasa ce. Idan na ji mutum ya yi magana, zan iya maimaita muryarsa har da tarinsa. Da ita nake ba maƙwabtana na kasuwa dariya.

Sai rikici ya shigo gari. Aka sa dokar hana fita, hanyoyi suka rufe, 'yan kasuwar da ke zuwa daga Chadi da Kamaru suka daina zuwa. Bukukuwa suka ragu, kuma wanda bai ci abinci ba ba ya sayen turare. Abokaina wasu suka koma Kano, wasu suka fita da safe ba a sake ganinsu ba. Nakan wuni a rumfa ba wanda ya ce min nawa ne wannan.

Ƙaryata ta farko ba don kuɗi na yi ta ba, kuma wannan nake so matasa su lura da shi. Akwai wata dattijuwa, Ya Falmata, da ta daɗe tana sayen kaya a wurinmu. An tare motar da mijinta yake ciki a hanyar Dambuwa, aka kashe su, ko gawarsa ba ta gani ba. Ta zo rumfata ta zauna, ba don ta sayi komai ba, ta ce, "Ɗana, da zan san halin da yake ciki, da na samu barci."

Tausayinta ya kama ni. Na ce, "Ya Falmata, ai na yi mafarki da Baba. Yana cikin fararen kaya, ya ce in gaya miki ki daina kuka."

Ban yi mafarkin komai ba. Amma na ga fuskarta ta saki, ta kama hannuna tana sa min albarka. Washegari ta aiko min da abinci da ɗan abin sadaka. Mako bai zagayo ba ta kawo min wasu mata, kowace da nata mamacin, kowace tana so in yi mata mafarki. Na san ya kamata in ce musu ƙarya na yi. Na dubi rumfar da ba ciniki, na ci gaba da ƙaryar.

A cikin masu zuwa akwai wata mai lalle da ake kira Yagana. Ita ba ta yarda da ni ba ko kaɗan. Ta jira kowa ya tafi, ta ce, "Kai maƙaryaci ne, amma ka iya. Ni kuwa ina shiga gidaje da sansanonin 'yan gudun hijira, mace ba ta ɓoye wa mai lalle komai. Ka bar zancen mafarki. Ka ce kana da rauhani mai zuwa kabari ya ɗauko maka muryar mamaci."

Haka muka fara. Na kama ɗaki a unguwar Moduganari, inda ba a san ni ba. Na rataya baƙin labule, na ajiye kaskon turare, na samu babban mayafi da nake lulluɓe kaina da shi. Kafin mace ta zo, Yagana ta riga ta kawo min labarinta: sunan da mijinta ke kiranta da shi, abincin da yake so, faɗan da suka yi na ƙarshe. Wani lokaci har muryarsa take sa a kunna mata a waya, ta turo min. Inda ban san komai ba, sai in jefa magana mai faɗi, in ce, "Yana ambaton wani abu da ya bari a ɗaki." Wane mamaci ne bai bar abu a ɗaki ba? Ita da kanta za ta ce, "Agogonsa ne!" Ta koma gida tana rantsuwa cewa ni na ambaci agogon. Abin da na faɗa ba daidai ba kuwa, ba ta ma tuna shi.

Labari ya kai wa mahaifiyata. Ta kira ni ta ce, "Ka ji tsoron Allah. Wanda ya tafi yana hannun Ubangijinsa, ba ya hannunka. Kada ka sake kawo min cefane da wannan kuɗin." Na yi fushi na kwashe kayana na koma Moduganari gaba ɗaya. Na daina zuwa masallacin unguwa, don ba na son haɗa ido da liman. Ba ni da aboki, domin duk wanda ya buɗe min cikinsa, abin da zan yi amfani da shi nake nema a maganarsa. Mutane suna cika ƙofata da rana, suna kuka a gabana, amma ba ni suka zo gani ba. Idan sun watse, ni kaɗai nake cin abincina, warin hayaƙi ya cika ɗakin.

Wata rana wata tsohuwa, Ya Kolo, ta zo da surukarta Zara. Ɗan tsohuwar, Bukar, mijin Zara, direba ne, yana ɗauko bandar kifi daga Baga, ya tafi bai dawo ba, an shekara ba labari. Su ba muryar mamaci suka zo ji ba. Tambaya ɗaya suka kawo: yana raye ko ya mutu? Na ce su dawo jibi, sai rauhani ya bincika.

Na tambayi Yagana me zan ce. Ta ce, "Ka ce ya mutu. Idan ka ce yana raye, sau ɗaya za su zo. Idan mamaci ne, kullum suna nan."

Da suka dawo na lulluɓe kaina, na yi ta karkarwa, na sauya murya. Yagana ta gaya min cewa da Kanuri yake kiran uwarsa, don haka na ce, "Yanyi, ni ne Bukar. Ku yi haƙuri, na riga ku gidan gaskiya." Tsohuwar ta faɗi a kan tabarma. Zara ba ta yi kuka ba a lokacin, ta dai ƙura wa labulen ido. Aka yi masa sadaka, aka raba ɗan abin da ya bari, Zara ta yi takaba. Suka ci gaba da zuwa. Bayan wani lokaci Zara ta zo ita kaɗai, ta ce wani ɗan kasuwa yana nemanta da aure, ga 'yarta ƙarama ba mai ciyar da su, amma ba za ta amsa ba sai ta ji daga bakin Bukar. Na ba ta amsa da muryar mijinta: "Ki yi aurenki, Zara, na yafe miki." Ta yi godiya ta tafi. Ban sake tunawa da su ba.

Shekaru suka wuce. Wata rana bayan la'asar wani mutum ya yi sallama. Ramamme ne, yana ɗingishi, ga tabo a wuyansa. Ya gaishe ni da Kanuri, ya ce, "Wushe, malam. Ni abokin Bukar direba ne. An ce kana magana da shi. Ina so mu gaisa."

Na ji daɗi, domin labarin Bukar yana kaina. Na zuba turare, na lulluɓa, na fara.

Ya ce, "Bukar, yaya aka yi ka mutu?"

Na ce an harbe ni a bakin hanya, ban sha wahala ba.

Ya ce, "Matarka fa?"

Na ce ni na ba ta izini ta yi aure.

Sai na ji an yaye mayafin daga kaina a hankali. Ya durƙusa har numfashinsa yana taɓa fuskata, ya ce, "Kalle ni da kyau. Ni ne Bukar."

Na so ya doke ni, amma bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "Mutanen daji suka kama ni, na yi shekaru ina yi musu dako kamar jaki. Abin da ya hana ni mutuwa shi ne tunanin gida. Na gudo na dawo, na tarar an yi min sadaka, matata tana goye da ɗan wani. 'Yata ta ɓuya a bayan ƙofa tana ihu wai fatalwa ta shigo. Su can sun ƙwace min shekaruna. Kai kuma kana zaune a inuwa ka ƙwace min inda zan dawo."

A waje 'yan sanda suna jira tare da mutanen unguwa. Yagana ta ji labari ta bar gari, har yau ban san inda take ba.

A kotu mata da yawa sun ba da shaida, amma maganar Ya Kolo ce ba ta bar ni ba. Ba ta zage ni ba. Ta ce wa alƙali, "Tun ranar da wannan yaron ya ce ɗana ya mutu, addu'ar matattu nake yi masa. Yana can a ɗaure yana shan duka, ni uwarsa ban roƙa masa kuɓuta ba ko sau ɗaya." Aka yanke min hukuncin ɗauri saboda damfara.

A gidan yari ranar ziyara ta fi kowace rana tsawo. Ana kiran sunaye, kowa ya tashi, ni ina zaune a gindin katanga. Ina cikin shekara ta biyu wani gandiroba ya kira ni ya ce mahaifiyata ta rasu, har an kai ta. Ban nemi gafararta ba. A lokacin na san irin yunwar da ke kawo mutane ɗakina. Na koma bayan ɗakin wanki inda ba kowa, na gwada muryarta, na ce wa kaina, "Na yafe maka, ɗana." Muryar ta fito daidai, har da yadda take jan ƙarshen magana. Amma na san daga maƙogwaron wa ta fito. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Akwai wani ɗan kabilar Ibo a ɗakinmu, Oga Chidi, mai sayar da kayan gyaran mota, rigimar fili ta kawo shi. Matarsa ta rasu a tashin bam. Wata rana muna shan iska a tsakar gida ya matso kusa da ni ya ce, "Aboki, ka gaya min gaskiya, ba zan faɗa wa kowa ba. A duk shekarun nan, ko sau ɗaya, wani mamaci bai yi maka magana ba?"

Na ce, "Ko sau ɗaya, Oga. Duk abin da na faɗa, a bakin masu rai na tsince shi."

Ya ce, "To wasu fa? Wataƙila akwai na gaske."

Na ce ban san kowa a duniya ba, amma na san masu wannan sana'a da dama, kuma ban ga wanda ya faɗi abin da ba a iya jiyowa a unguwa ba. Na ce masa na yi imani akwai lahira, shi ma addininsa ya gaya masa haka, amma ba irina ne za su zama shaidarta ba. Sai ya ce, "Na so a ce ka ce e." Daga ranar yakan raba garin rogonsa da ni.

Da wa'adina ya cika aka buɗe min ƙofa, ba wanda ya zo tarya ta. Rumfar kasuwa ta zama ta wani. Na je kabarin mahaifiyata na yi mata addu'a, na tuba ga Allah, sannan na nemi Bukar don in roƙi gafararsa. Na same shi a tasha yana lodin kaya, shi kaɗai yake zaune a ɗakin haya, Zara tana gidan mijinta na biyu. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Na ji. Ban iya ba tukuna." Ban ga laifinsa ba.

Yanzu wankin hula nake yi a bakin titi. Kwanakin baya wata mata ta tsaya a kaina, ta ce ta san ko ni wane ne. 'Yarta ta rasu a sansani, ta kawo muryarta a waya. Na ce, "Baiwar Allah, ai kin san ƙarya nake yi." Ta ce, "Na sani. Ko ƙaryar ce ka yi min, in ji ta ce Mama sau ɗaya." Wallahi zan iya, kuma na ji bakina yana motsi. Na ce mata ba zan yi ba, amma idan tana so ta ba ni labarin yarinyar, zan saurara. Ta zauna a kan benci ta yi ta ba ni labari har aka kira magariba, ina wanki ina ji. Da za ta tafi muka yi wa yarinyar addu'a tare.

Ƙannena matasa, ku ji daga wanda ya yi. Idan mai baƙin ciki ya zo gabanku, kada ku ba shi labarin da ba ku sani ba, ko da tausayi ne ya sa ku. Ku zauna da shi, ku kai masa abinci, ku yi wa mamacinsa addu'a. Idan wani ya ce zai haɗa ku da wanda ya rasu, ku tambayi kanku wa ya shiga gidanku kafin ku shiga ɗakinsa. Idan kuma naku ya ɓace ba a ga gawarsa ba, kada ku bari wani mai hayaƙi ya binne muku shi. Ku ci gaba da roƙa masa hanyar gida.