Ranar da Aka Ƙi Sayen Nonon Dije

Ko me zan manta a aikin nan, ba zan manta da ranar kasuwar da na iske Dije zaune gaban ƙwaryar nononta ba, rana ta take tsaka, ƙwarya cike fal, babu wanda ya ko ɗaga faifai ya leƙa. Ku da kuka shigo aikin lafiya yanzu ku saurara, domin abin da ya jawo mata haka daga cikin asibitinmu ya fito.

Lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Kebbe. Iyalina suna Tambuwal, sai ƙarshen mako nake hawa mashin in je gida. Mu uku ne ma'aikata. Akwai incaji, wato shugaban asibitin, Malam Attahiru, shi ke duba maza, shi ke sa hannu a kan komai. Akwai ni, ina riƙe da awon masu ciki da karɓar haihuwa da duk abin da ya shafi mata. Sai Lawali mai yankan kati, aikinsa ya rubuta sunan wanda ya zo ya ba shi lamba. Teburinsa yana baranda, daidai ƙarƙashin tagar ɗakina, tagar kuma labule ne kawai a jikinta.

A shekarar wata ƙungiya ta tara mu, mata ma'aikatan lafiya, a Tambuwal ta koya mana amfani da kofin al'ada, ta ba kowaccenmu ɗan kwali ta kai wa matan auren da suke so. Ga wanda bai taɓa gani ba, ɗan ƙaramin kofi ne na roba mai laushi. Mace tana naɗe shi ta sa a jikinta, ya tari jinin maimakon ya tsotse shi kamar auduga ko tsumma. Safe da yamma za ta wanke hannu da sabulu, ta matsa gindinsa ta fitar, ta zubar a masai, ta ɗauraye da ruwa mai tsabta ta mayar. In jinin ya ɗauke sai ta tafasa shi na minti biyar zuwa goma, ta bari ya bushe, ta adana shi a jakar yadi, ba a leda ba. In an kula da shi, guda ɗaya yana yin shekaru.

Matan cikin gari da yawa sun juya shi a hannu, sun yi dariya sun ajiye, ban kuma tilasta wa kowa ba. Wadda ta fara karɓa da gaske ita ce Dije, matar wani makiyayi mai suna Buba, waɗanda rugarsu ke sauka bakin fadamarmu kowane rani. Ita ta fahimtar da ni amfanin abin fiye da masu koyarwar. Ta ce in suna tafiya da shanu jini ya zo mata, tsumma yana goge mata cinya har ta yi ciwo. In ta sami ruwan wankewa, ina za ta shanya? A kan jaki, gaban surukai? Sai ta naɗe shi da danshi ta tura ƙasan kaya, gobe ta sake ɗaurawa, ƙaiƙayi kuwa ba ya barinta. Ban ba ta kofin ba sai da ta yi ta zuwa muna maimaitawa, har ta iya faɗa mini komai da kanta.

Bayan wata biyu ta dawo da damuwa. Kofin ya sauya launi, yana kuma ɗan wari. Na tambaye ta yadda take wanke shi, ta ce da toka da omo take dirzawa. Na ce tafasawar fa? Sai ta dube ni ta ce, "Malama, tukunya biyu gare ni, ta tuwo da ta dahwa madara. In sa wanga abu cikin tukunyar madara? Allah shi kiyaye."

Na ce ta yi daidai. Na gaya mata sauya launi ba illa ba ne, amma toka da omo suna cinye robar, ta bar su, sabulu marar ƙamshi ya isa. Na ɗauko wani babban gwangwanin tumatir da na wanke na ajiye, na ba ta, na ce wannan na kofin ne shi kaɗai. Ta cika shi da ruwa sosai yadda kofin zai yi yawo a ciki, kada ruwa ya ƙone ya manne a ƙasa. Ta ƙunshe gwangwanin a zane ta tafi tana murna.

Lawali yana ƙarƙashin taga, ya ji wasu kalmomi, ya haɗa su yadda za su fi ba da dariya. Da yamma a teburin mai shayi ya ba maza labari, wai matan ruga yanzu wani abu suke sawa in suna jini, kuma a tukunyar madara suke dafa shi, da kunnensa ya ji. Bai tsaya nan ba, har sunanta ya kama.

Ni ban san komai ba sai ranar kasuwa. Na fita sayen nono kamar yadda na saba, na ga sauran masu nono sun ja ƙorensu can gefe, sun bar Dije ita kaɗai. Samari suna wucewa suna toshe hanci. Wata tsohuwa mai waina ta jawo hannuna ta raɗa mini abin da ake faɗa. Na ce wane maƙaryaci ne ya ƙaga wannan? Ta ce, "Ɗiyata, ai ɗan asibitinku na. Wa ka ƙaryata ɗan asibiti?"

Na je na durƙusa gaban Dije. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Idonta a kan faifai ta ce, "Malama, ke ɗai na hwaɗa ma."

Na daɗe a aiki, an zage ni a ɗakin haihuwa, an taɓa kore ni daga ƙofar gida ranar rigakafi, amma babu maganar da ta taɓa ƙona mini rai kamar wannan. Abin da ya ƙara mini baƙin ciki, ba ni da yadda zan wanke ta da baki. In na tashi na ce a gwangwani take tafasawa, na tabbatar wa kasuwa guda cewa tana amfani da abin, na ƙarasa tona abin da ya rage mata. Sai na zauna a ƙasa kusa da ita, na karɓi ludayi, na sa ta dama mini fura, na sha a hankali kowa yana kallo. Na ce da ƙarfi nonon nan tsabtatacce ne, duk wanda ya ce ba haka ba ƙarya ya yi. Mata biyu suka matso suka saya. Wani kuma daga baya ya ce ai dole Malama ta sha, tunda ita ke raba abin.

Daga kasuwa asibiti na nufa. Lawali bai ma musa ba, ya ce wasa yake yi, shi bai ce kowa ya bar sayen nono ba. Na shiga wurin incaji, na ce ranka ya daɗe, an fitar da sirrin marar lafiya daga ɗakina, an ƙara masa ƙarya, an kashe wa mata sana'a. Malam Attahiru ya ce in sassauta murya. Ya ce maganar mata ce, in an yi shiru za ta mutu da kanta, kuma in tuna cewa wani babban mutum ne ya samar wa yaron nan aiki. Kafin in fita ya tuna mini cewa na bar bakin aiki na tafi kasuwa ba izini, wannan ma laifi ne in ana maganar laifi.

Ƙa'ida ita ce in ƙorafi ya fi ƙarfin incaji, a kai shi sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Na hau mashin na tafi Kebbe da kaina. Jami'in da na samu ya saurare ni, amma da na zo kan bayanin kofin sai ya sa hannu ya rufe baki yana danne dariya. Ya ce mai yankan kati ba makarantar lafiya ya yi ba, ba a taɓa koya masa riƙe sirri ba, don haka da wuya a hukunta shi. Na ce to matar da ta shigo asibiti, ta yaya za ta bambanta wanda aka koya wa da wanda ba a koya wa ba? A wurinta duk wanda ke cikin harabar nan likita ne. Na ce ba kora nake nema ba, so nake Lawali ya koma teburin da ya yi ƙaryar ya janye ta. Don dai in tafi in ba shi wuri, ya yarda.

Lawali ya koma teburin mai shayi. Abin da ya faɗa, kamar yadda aka kawo mini, shi ne: "An ce in ce ƙarya ni yi." Aka fashe da dariya fiye da ta farko.

A makon ne Buba ya zo asibiti, da sandarsa a kafaɗa. Na ɗauka faɗa ya kawo, sai ya tsaya nesa ya gaishe ni da ladabi. Ya tambaye ni ko abin nan yana cutar da matarsa, na ce a'a. Ya ce shi ke nan, maganar tukunya ba sai na rantse ba, ya san matarsa. Sai dai yanzu ba nonon Dije kaɗai ake gudu ba, na rugar gaba ɗaya ne, kuma da kuɗin nono suke sayen hatsi. Dattawansu sun yanke shawarar tashi, ko da yake ciyawar fadama ba ta ƙare ba.

Safiyar tashinsu Dije ta biyo ta bayan asibiti, ta ƙi shiga. Na zaci kofin za ta mayar mini, har na ce in ba ta so ta kawo, ba zan ji haushi ba. Ta girgiza kai.

"Shi bai yi man laihi ba, Malama. Mutanenki sunka yi man."

Ta tambaye ni ko ruwan rijiya ya isa ɗaurayewa in babu na famfo. Na ce in mai tsabta ne irin wanda za ta iya sha, ya isa. Ta yi mini sallama ta bi shanunsu.

Da rani ya zagayo rugar ta dawo, amma matansu ba su sake taka asibitinmu ba. Masu ciki wata takwas sai su hau mashin su wuce ta ƙofarmu, su bi wata mummunar hanya zuwa wani gari don awo. Ina tsaye ina kallonsu. Lawali kuwa yana kan teburinsa har na bar wurin, ko takardar gargaɗi ba a ba shi ba.

Koyar da mace wanke kofi da tafasa shi aikin yini ɗaya ne. Samun ta buɗe baki ta gaya miki abin da ko uwarta ba ta gaya wa ba, wannan shi ne aikin shekaru, kuma mutum ɗaya yana iya rushe shi kafin shayinsa ya huce. Shi ya sa duk asibitin da aka ba ni riƙo bayan nan, ranar farko nakan tara kowa, da maigadi da mai shara da mai kati, in gaya musu cewa abin da kunne ya ji a nan amana ce, wanda ba zai iya ɗauka ba ya faɗa tun yau. Wasu suna cewa Malama ta cika zafi. Na yarda, ina da zafi. Ni na zauna a ƙasa kusa da matar nan, na kuma ga nonon da ta mayar ruga.