A Kurar Ruwa Na Tafi Jarrabawa

Wata Asabar ce da damina, ina aji shida na firamare, na leƙo ƙofar gidanmu a Ƙofar Marusa na ga bas ɗin Baba tsaye inda take, an soka mata ganyen darbejiya a gilashin gaba alamar yajin aiki, awakin maƙwabta sun kwanta a ƙarƙashinta. Kwana huɗu ke nan ba ta motsa ba. An doki wani dattijon direba a shingen hanya, aka ƙi ba shi haƙuri, sai direbobin gari suka tafi yajin aiki, 'yan acaɓa ma suka mara musu baya. Kowane direba ya jefa makullinsa cikin wani kwanon sha a tasha, shugabansu ya kulle a akwati. A safiyar nan kuma nake da jarrabawar shiga sakandare, can wata makaranta bayan Ƙofar 'Yandaka, ga ƙafata ta dama ɗaure da tsumma, ta kumbura suntum.

Laifina ne, ba na wani ba. Inna ta aike ni kai niƙa, na ajiye kwanon gero a dakali na shiga 'yar gala-gala babu takalmi, fasasshiyar kwalba ta yanke ni. Kwana uku tana gasa mini da ruwan zafi da gishiri, tana gashi tana faɗa, amma ko bakin rijiya ba na iya takawa. Wadda ta rasa jarrabawar nan sai baɗi, kuma na san 'yan mata a unguwarmu da baɗinsu ba ta taɓa zuwa ba, farantin talla ya tafi da su. Wannan ne ya tsorata ni, ba ciwon ba.

Inna tana da wani makullin motar, a ɓoye cikin langa ƙarƙashin jeren kwanukanta. Ta ɗauko ta ajiye kusa da kofin kokon Baba, ta ce ya kai ni ya dawo tun mutane ba su fito ba. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tura mata abinta. "Ni na hwara jehwa makulli cikin kwanon nan," in ji shi, "mi za ni ce masu?" A lokacin na ji haushinsa har cikin raina, na yi kuka, na ce ya fi son direbobi a kaina. Akwai keke a gidan maƙwabcinmu, amma mutumin da ya shekara ashirin yana jan bas bai iya keke ba, abin da Inna ta yi ta yi masa tsiya a kai har tsufansu.

Fita ya yi, can sai ga shi yana turo kurar wani mai ga-ruwa, an sauke jarkokin. Inna ta shimfiɗa tabarma da filo, aka ɗora ni da fensirina da rula, na ja hijabi na rufe fuska don kunya. Titi fayau, sai mata ɗauke da kaya a ka da ma'aikata suna tafiya a ƙafa. Tayar kurar tana ƙara, Baba yana kauce wa kududdufai yana haki, yana tambayata manyan biranen jihohi, wanda duk na faɗa sai ya ce ya taɓa kwana a tasharsa.

Dole hanya ta bi da mu ta gaban tasha. Direbobi suna zaune a benci, suka kwashe da dariya, wani yana tambaya ko ita ma wannan an karɓi makullinta. Da shugabansu, wani Alhaji mai furfura, ya ga ƙafata ya ji inda za mu, sai ya ce a ɗauko akwati a ba Baba makullinsa. Baba ya ƙi. Ya ce in aka buɗe masa yau, gobe kowa yana da tasa ɗiyar. Sai Alhaji ya tuɓe babbar riga ya kama mariƙin kurar. Haka suka yi ta karɓa-karɓa da gudu, wani ya karyo darbejiya ya soka a gaba, wani yana kira, "'Yandaka, 'Yandaka, saura mutum ɗaya." Ban san sadda na buɗe fuska ina dariya ba. Mun iso maigadi yana jan ƙyaure, ya ga ƙatti goma sha suna zufa, ya sake buɗewa. Na ci jarrabawar, kuma ban yi mamaki ba.

Yau malamar asibiti ce ni, titin nan kuwa babura masu ƙafa uku sun cika shi, ba ka minti biyu ba ka samu abin hawa ba. In an tafi yajin aiki na tsaya a rana, ni ma ina mita kamar kowa, sai dai ba na iya zagin direba. Baba ya rasu, bas ɗin tuni ta zama ƙarfen awo, amma Inna ta ba ni makullin nan na cikin langa. Na hau motoci masu sanyi da yawa tun daga lokacin, babu wadda ta kai ni nisan da kurar ruwan nan ta kai ni.