Harbin Farko na Maƙeri Ne

Jikata ce ta ƙyasta ashana da hantsi za ta kunna risho, iska ta kwaso mini warin farar wuta. Na kai shekarun da ko miya ba na jin ƙanshinta sosai, amma wannan wari ko ina barci zan gane shi. Warin zauren gidanmu ne. Na ce ta miƙo mini biro. Ku yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'ya'ya sannan na zauna a ajin yaƙi da jahilci, kuma ba a koya mana kwana-kwana ba. Abin da na gani shi zan faɗa.

Gidanmu yana cikin birni ta wajen Gwale, a wani lungu da jaki mai kaya ba ya wucewa sai ya gogi bango. Babana maƙeri ne, zaure na biyu nan ne maƙerarsa. Shekara kashi biyu ce a wurinmu. In hadari ya fara haɗowa, aikin fartanya da garma ake yi, ƙauyawa su cika ƙofar gida suna jira. In an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sai mafarauta su fara sallama. A lokacin ne gidan yake ɗaukar warin albarushi, har tuwo sai ka ji kamar da shi aka tuƙa.

Adaka Baba yake ƙerawa, irin bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, a danna da sanda, harbi ɗaya sai an sake ɗuri. Yana da wata ƙa'ida da ya gada wurin ubansa: ba ya miƙa wa mutum sabuwar bindiga sai ya harba ta da kafaɗarsa. Kuma ba gaba ɗaya yake cika ta ba. Da yatsu yake auna albarushin, ya fara da ɗan kaɗan, ya harba, ya shafa ƙarfen, ya saurara, ya ƙara, kamar mace tana ɗanɗana gishiri a miya. In ƙarfe zai ci amana, tun a ƙaramin ɗuri yake nunawa. Da wannan dabarar ya yi shekara da shekaru da yatsunsa cif.

Sai ga Kawu, ƙanin Inna. Ya je yaƙin Bama na zamanin Turawa ya dawo da takalman soja da baki mai kaifi, ya sami aikin gadi a wani kanti a wajen gari. Kun san wasan da ke tsakanin mutum da ƙanin matarsa. To nasu ya wuce na kowa. Ban taɓa jin sun yi magana ta hankali ba. Kawu zai zauna a kan turmin da ke bakin maƙera, ya miƙe ƙafa, ya ce:

"Yaya, wannan abar taka, kafin ka gama ɗura ta ai barewa ta je gida ta shayar da 'ya'yanta ta dawo."

Baba ba ya ko ɗaga kai. "Kai da aka ba ka ta Bature, me ka kashe mana? Sauro?"

"Tamu ta baya ake ɗura ta. Ka ja, ka tura, ka harba. Ku dai sai a ƙera a can a kawo muku."

Da wasan Kawu ne kaɗai da ba komai. Amma a shekarun nan, lokacin da ake ta maganar mulkin kai a kasuwa, mafarauta masu hali suka fara sayen bindigar kanti, wadda ake karyawa a tsakiya a sa mata harsashi. Sallama ta ragu. Wata rana wani dattijo da ya daɗe yana farauta da adakar Baba ya shigo da irin wannan ta kantin, wai a ɗaure masa wata kusa da ta kwance. Ina tsaye da ƙwaryar fura. Baba ya ɗaure kusar, amma bai mayar da ita nan take ba. Ya kwance ta gunduwa-gunduwa a kan buzu, ya wuni yana kallo, furar ta tsinke bai taɓa ta ba. Da yamma ya harhaɗa ya ba mai ita. Washegari ya sa aka rataya tabarma a ƙofar maƙera.

Hukuma ta yarda da adaka, amma ƙera mai ɗuri ta baya ɗauri ne. Saboda haka ba wanda ya san Baba ya fara ƙera irinta sai mu da Kawu. Ranin nan gaba ɗaya ƙarar magagari muke ji, ƙiƙi-ƙiƙi, daga safe har la'asar, har haƙoran mutum su riƙa tsami. Bazara ta shigo, zafi ya sauka a soraye, ƙadangaru ma sun nemi inuwa. Lokacin da ya kamata a ce an tara fartanyu kafin ruwa, ko ɗaya ba a ƙera ba. Inna tana daka tana magana ita kaɗai. Ba ɗaurin take tsoro ba kamar hannun. Ta ce gidan nan kaf a kan yatsu goma yake tsaye, in ɗaya ya goce duk mun zube.

Bututun bindigar kuwa sandar sitiyarin wata matacciyar mota ce da ya samo wurin masu tsofaffin ƙarafa. Baba ya sha gaya mana kakansa da kansa yake narka tama, ya san ƙarfensa tun yana dutse. Zuwa zamanin Baba an daina. Abin da jirgin ƙasa da motoci suka yar shi ake tsinta. Wannan ma yana cinsa, ko da yake ba ya faɗa sai jifa-jifa.

Ranar da ya gama, ya kira mu muka gani. Ba zan yi muku ƙarya ba, kyakkyawa ce. Gindinta na icen maɗaci ya sha man gyaɗa yana ƙyalli. Ya karya ta, ya rufe, ta ce ƙas, kamar ta kanti. Kawu ya ciro harsashi daga cikin hularsa ya miƙa masa. Baba ya juya shi a yatsu, ya kai kunne ya girgiza.

"Ta ina ake rage masa?"

"Ba a ragewa, Yaya. Haka yake zuwa a rufe."

Baba ya sake juya harsashin a tafin hannu. Ba yadda zai ɗanɗana kaɗan-kaɗan ke nan. Ko duka ko babu.

Kawu ya sauko daga kan turmi ya tsuguna. Ya ce albarushin da ke cikin wannan ba irin namu ba ne, ƙarfinsa ya ninka. Ya ce a ɗaure bindigar a jikin bishiya, a sa igiya a kunamarta, a koma nesa a ja. Amma mutumin da ya shekara goma bai faɗi magana ɗaya ta gaske ba, ranar da ya faɗa wa zai gane? Baba ya yi dariya.

"Haka kuka yi yaƙin ashe? Da igiya?"

Inna tana bayan ƙyaure. Ta ce, "Malam, ka dai ji abin da yaron nan ya ce."

"Ƙaninki ya saba kwanciya a rami, ki bar shi."

Washegari da hantsi suka naɗe ta cikin damin kara suka fita. Inna ta tsaya tsakar gida kamar an kafa ta. Can sai ta nufi rijiya, ta kwance igiyar guga, ta naɗe, ta ɗora mini a ka.

"Bi su. Ki sa masa a hannunsa, ki ce in ji ni. Kada ki tsaya."

Na tarar da su a bayan ganuwa, cikin wani kwari da ake haƙar ƙasar gini, akwai kuka a bakinsa. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Na durƙusa na miƙa. Baba ya dubi igiyar, ya dube ni.

"Uwarki gidan za ta bari ba ruwa?"

Ya rataye ta a wani kututture, ya ce in koma. Na hau gefen kwarin na laɓe. Ina jin su sarai.

"Yaya, wallahi ba wasa nake ba."

"Yau ka fara?"

"To ba ni, ni in harba. Ni na kawo harsashin."

"Kai ka ƙera ta?" Muryar Baba ta sauka, babu dariya a ciki. "In na ja da igiya ta tashi lafiya, gobe in ba wani ya sa a kafaɗa, ni ban sa ba. In ta ci shi, da wane ido zan dubi matarsa? Matsa."

Ya yi bisimilla. Na san ƙarar adaka, mai zurfi ce, a ƙirji kake jin ta. Wannan daban ce, kamar an tsaga kwano a cikin kunnena. Tsuntsaye suka watse daga kan kukar. Da hayaƙi ya yaye, Baba yana nan tsaye inda yake, bai faɗi ba, yana duban hannunsa na hagu kamar an ba shi ajiyar da bai san mai ita ba. Bututun ya buɗe daidai inda ya riƙe.

Kawu ne ya figi igiyar, ya ɗaure masa dantse, ya sa tsinke ya murɗa har jinin ya tsaya. Wannan dai ya koyo a soja. Ya tattara tarkacen zai watsa a kududdufi, Baba ya ce, haƙora a cije, a bar masa guntun bututun da ya fashe. A asibiti aka ce adaka ce ta tashi da shi, ba wanda ya yi mamaki. Babban yatsa da biyu na kusa da shi ba su dawo gida ba.

Mutane suna cewa an yi sa'a hagu ce. Waɗanda ba su san ƙira ba ke nan. Dama duka kawai take yi. Hagu ce ke riƙe awartaki, ita ke juya jan ƙarfe, ita ta san lokacin da za a ɗaga. Daminar nan ruwa ya sauka, ƙauyawa suka zo suka tarar da maƙera a sanyaye, suka wuce gaba, da yawansu ba su sake dawowa ba. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta fara dakau da surfen mutane, tafin hannunta ya yi kanta. Kawu kuwa ta ce kada ta sake ganin ƙafarsa a tsakar gidanta.

Bai shiga tsakar gidan ba, amma bai bar zauren ba. Ya ajiye aikin gadi, ya zo ya zauna gaban wuta ya riƙe awartaki, Baba yana duka. Haka suka ci gaba da fartanya da lauje har tsufa, mutum biyu suna aikin mutum ɗaya, gida biyu suna cin abin gida ɗaya. Ba a sake ƙera bindiga a gidanmu ba. Wasan nan nasu kuma ya mutu. "Juya." "Ɗaga." "Mayar wuta." Iyakar hirarsu ke nan. Ni wannan shirun ya fi jinin da na gani tsaya mini a rai.

Ban taɓa jin Baba ya ce ya yi nadama ba. Yakan ɗauko guntun bututun nan ya duba tsagar a hasken ƙofa, ya ce ƙirar daidai take, ƙarfen ne aka yi shi don juya mota. Ya ce duk wanda zai yi bindigarsa da ƙarfen da wani ya yar, bai fara ba tukuna. Inna takan ce, "Ƙira daidai. Hannun fa?" Sai ya mayar da shi cikin tukunyar da yake ajiye shi.

Duk sun rasu. Maƙerar ma yanzu shagon cajin waya ce. Ina da jika soja, yana can inda ake ta fama, in ya sami sarari yakan kira ni. Ya ce bindigar da ke hannunsa ta girme shi, daga wata ƙasa aka kawo ta. A rediyo kuma ina jin wai za a canza wa sojoji bindiga, a ba su wadda aka ƙera a gida. Tun ina da haƙora nake jin za a yi, za a yi. Na gaji da ji. Ba na ce kada a yi ba, 'yar maƙeri ce ni, na san zafin a ce maka sai dai a ƙera a kawo maka. Na dai ce wa yaron, in ta iso, ya tambaya ƙarfen na ina ne, kuma wa ya fara harba ta. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, yanzu ai inji ne ke gwadawa."

To, madalla da inji. Da Baba ya yarda da irin wannan da ya mutu da yatsunsa, da Inna ba ta tsufa a bakin turmi ba. Taurin kai ya yi, har gobe ina faɗa, ko a gabansa na faɗa. Amma bayan inji ya gama, ina so wanda ya ce ta yi, mai babbar riga ne ko mai tauraro a kafaɗa, ya fito fili ya sa ta a tasa kafaɗar kafin a miƙa wa jikana. Babana bai yi wayo ba, amma hannun da ya sa a gaba nasa ne, ba na ɗan wata ba.