Dorcas da Gashin Bakin Barde

A ƙauyenmu na Aldersoke, duk wanda ya tura ƙofar coci ran Asabar da hantsi, abin da zai fara gani shi ne ƙasan takalman Dorcas Pettit. Tana durƙushe kusa da bagade, ba don addu'a ba, ko da yake takan haɗa da ita. Barde take gogewa.

Barde Hamon ne ya ƙara wa cocin ɓangaren arewa da arzikin ulu, shekara ɗari shida da suka wuce. Da ya rasu aka binne shi ƙarƙashin daɓen, aka kafa siffarsa ta tagulla a kan dutsen kabarin: dogo, cikin sulke, hannuwa a haɗe, ƙafafu bisa ɗan karensa. Mahaifiyar Dorcas ta goge shi shekara talatin. Dorcas ta gaji tsumma da gwangwanin mai, ta yi arba'in da ɗaya. Ba ta taɓa aure ba, shi ya sa Cyril Garrod, dattijon da ke riƙe da makullin coci, ba ya wucewa sai ya tsokane ta, wai Barde ne mijinta.

"Yaya Dorcas, ya maigidan? Ya tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ba ya minshari, ba ya biyawa mashaya. Tambayi matarka ko za ta so mu yi musaya."

Wata bazara aka turo mana wata masaniyar tsofaffin gine-gine, Dakta Imogen, ta duba tsagewar hasumiya. A makon nan sau biyu Dorcas ta goge Barde, har idan rana ta shigo ta tagar gabas sai ka kare ido. Baƙuwar ta shafa ƙofar kudu mai baka, ta leƙa kwamin baftisma, Dorcas na biye da ita tana gyaran murya. Da suka iso kan Barde, matar ta tsuguna, ta ƙura masa ido.

"Wa ke goge wannan?"

"Ni ce," in ji Dorcas, ta gyara tsayuwa.

"Ayya, Mama. To ina hancinsa?"

Dorcas ta duba. Ita dai tun tasowarta haka ta san fuskar, sumul kamar ƙwai. Baƙuwar ta ja ta, ita da Cyril, zuwa ɗakin da Rabaran ke sa rigar hidima, ta nuna wata doguwar takarda a bango. Wani limamin da ne, fiye da shekara ɗari baya, ya shimfiɗa ta a kan tagullar ya murza da baƙin kaki har siffar ta fito. Ga hanci, ga gira, ga gashin baki murɗaɗɗe kamar ƙahon rago. Dorcas ta sha kaɗe wa takardar nan ƙura, a zatonta ƙanensa ne.

Ashe kowace guga tana cin tagullar kaɗan kaɗan. Baƙuwar ta ce daga yau ba mai, ba tsumma, a rufe shi kawai. Cyril ya buɗe baki zai yi abin da ya saba, ya ga fuskar Dorcas, ya mayar ya rufe.

Asabar uku ba ta zo ba. Ran Lahadi sai ta zauna can bencin baya, ba ta ko kallon wajen, waƙar ma a ciki take yin ta. Mu da muka san ta mun ga in aka bar ta haka, cocin zai rasa ta gaba ɗaya.

Cyril ne ya ciro takardar daga bango, ya je ya same ta a lambu tana cirar wake.

"Mijinki na can kwance ƙarƙashin dardumar da ko karena ya ƙi. Ke kika aske shi, ke za ki mayar masa da abinsa."

"Da me, sarkin surutu? Da man goge?"

"Da allura mana. Wa ya ɗinka matasan durƙuso na coci duka?"

Ta karɓi takardar, ta ba shi wake cike da hula.

Duk lokacin sanyin nan ta yi shi tana ɗinkin mayafi da zaren ulu. Ran bikin Ista aka shimfiɗa mayafin a kan kabarin: ga Barde tsaf, da sulke da kare da hanci. Gashin bakin dai ya fi na takarda tsawo, har ya kusa taɓo kunne. Rabaran ya yi wa Dorcas maganar tsawon nan a hankali, ta ce ai na shekara saba'in ne ya tsiro lokaci guda.

Yanzu duk Asabar tana nan. In baƙi suka zo ita ke ɗaga musu mayafin, ta faɗi laifinta da bakinta, ta mayar ta rufe. Sai ta ɗauko buroshi ta hau kaɗe ulun da ƙarfinta na da.

"A hankali, Yaya," in ji Cyril daga bakin ƙofa, "kada ki sake aske shi."

"Wuce ka ba ni wuri. Wannan karon ina da sauran zare."