Asuba a Kan Dutse Mai Aman Wuta

Shekara ashirin ina tuƙa tasi a Washington, ban taɓa tsayawa kallon fitowar rana ba. 'Yata ce ta ɗauke ni daga gidanmu na Hyattsville, kusa da Washington, har tsibirin Bali, ta cusa ni a bayan motar jif. Muna hawa dutse mai aman wuta, kowa na ɗokin rana, ni kuwa ban yi Asuba ba. Gargadar hanya kuma ta zubar da ruwan gorata kaf.

"Baba, saura minti biyar fa rana ta fito," in ji 'yata.

Na buga tafukana a baƙar ƙasa na yi taimama. Ƙasar da ɗuminta, kamar an dafa mini ruwan alwala. Ina sallamewa, sai ga rana ta ɓullo jajir.

"Na riga ta," na ce.

'Yata ta fashe da dariya, ni ma na taya ta.