Dokin Babana Fari Ne

Babana gidan kallo gare shi a Kano, a zauren gidanmu. Talabijin ɗaya, bidiyo ɗaya, bencina, sai shi a tsaye gefen akwatin yana fassara wa mutane fim da bakinsa. Mu mata ba a barinmu ko leƙe. Amma bango ɗaya ne ya raba zauren da ɗakinmu, don haka duk fim ɗin da ya shigo gidan na san shi da kunne, ban taɓa ganinsa da ido ba.

Wanda aka fi nema shi ne na tatsuniyar mutanen Girka. Baba ba ya cewa alloli, sarakunan aljanu yake cewa, don kada dattawan unguwa su sa a rufe masa zaure. In an zo kan matar nan mai macizai a maimakon gashi, sai ya rage murya ya ce, "Kowa ya sunkuyar da kai, wanda ya haɗa ido da ita ya zama dutse!" Ni ma daga ɗaki sai in runtse ido. Akwai kuma doki mai fukafukai, wanda Baba yake rantsewa fari ne tas kamar an wanke shi da bula. Har Allah ya yi masa rasuwa ban ga dokin nan ba.

Bayan na yi aure na hayayyafa na fara zuwa Guangzhou, can ƙasar Sinawa, saro kayan yara. A lokacin mace irina ba ta zuwa ita kaɗai. Akwai wata Hajiya, uwar tafiyarmu, wadda mazajenmu suka yarda da ita. Ita ke kama mana gida a unguwar Dengfeng, ita ke shige mana gaba zuwa kasuwar Canaan, ita ke cewa a fita, ita ke cewa a koma. Wadda Hajiya ta cire daga ayari, tafiyarta ta ƙare, domin waya ɗaya za ta buga wa mijinta.

Wata rana muna dawowa daga kasuwa na ga wani ƙaton hoto a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa: kan mace, macizai suna ta miƙewa a kai. Na tsaya cak har aka riƙa bangaje ni. Wata 'yar zangon Kumasi da muke sari tare ta ce min tsohon fim ne aka sake sabo, ana nuna shi a silima a unguwar Tianhe.

Ban yi niyyar ɓoyewa ba, ba sata zan je ba. Muna cin tuwon shinkafa a faranti ɗaya na ce, "Hajiya, gobe in na gama da kayana zan je kallon fim ɗin nan."

Ta ajiye lomar hannunta. "Wane fim? Na gumakan nan? Ke 'yar nan, sari aka aiko ki ko yawon silima? Matar aure da 'ya'ya?"

Na ce, "Da rana zan je, da hijabina, kafin la'asar na dawo."

Ta ce, "To ki je. Amma ki sani in kin taka ƙofar silimar nan, ba ni ba ke. Da ma me za a jira daga 'yar mai gidan kallo?"

Wallahi da ba ta faɗi wannan ta ƙarshen ba, wataƙila da na haƙura. Tun ina yarinya ake jifana da ita, a islamiyya, a gidan biki, har ranar da aka zo neman aurena sai da wata ta raɗa ta. Mutumin da ya ciyar da mu da muryarsa har ta dishe, shi ne abin gori. Raina ya ɓaci ƙwarai, na wanke hannu na tashi.

Washegari na tafi. A wajen sayar da tikiti na nuna hoton da yatsa, yarinyar ta yi min wata doguwar tambaya, ni kuwa Sinancina bai wuce na kasuwa ba, laban da meyo, wato maigida da babu. Na gyaɗa kai kawai. Ta miƙo min tikiti da wani baƙin tabarau da ake kallon fim ɗin da shi, na ɗora shi a kan hijabi.

Da aka fara sai na gane abin da ta tambaye ni. Ashe zaɓi ne tsakanin na Turanci da wanda aka juya, ni kuma na gyaɗa wa na Sinanci kai. Ga Turawa da gemu da takubba suna ta zuba Sinanci, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Na kusa yin kuka don haushi, na sayar da tafiyata a kan abin da ba zan ji ba.

Can sai ga wani tsoho mai sheƙi a kan karaga cikin gajimare, na ji bakina ya ce, "Ga sarkin aljanu nan, yau da fushi ya tashi." Muryar Baba ce sak. Daga nan ban ƙara neman Sinancinsu ba. Duk abin da ya fito, maganarsa tana nan a kaina tana jira. Ashe shi ma Turancinsa bai fi Sinancina ba, kallon fuskoki yake yi yana ƙera musu magana. Da mai macizai ta fito na sunkuyar da kai, sannan na tuna abin da ya kawo ni, na ɗago na zuba mata ido sosai. Wata Basiniya a gefena ta yi min alamar in yi shiru. Na rage murya, amma ban daina ba.

Abu ɗaya ne ya ɓata min rai. Dokin nasu baƙi ne.

Kafin la'asar na koma Dengfeng kamar yadda na ce. Na tarar da jakata a bakin ƙofa. Hajiya ta ce, "In kin ce kin tuba a gaban mutane, ba zan kira mijinki ba."

Na ce, "Hajiya, ki kira shi. In ya ɗauka ki ce masa 'yar mai gidan kallo ta je ta ga aikin ubanta."

Ta kuwa kira. A wajen 'yar Kumasi na ƙarasa kwanakina, kuma na daɗe ban sake ganin Guangzhou ba, domin maigidana bai ji daɗi ba ko kaɗan. Na ji zafin rasa kasuwar nan, ba zan ɓoye ba. Amma haƙurin da Hajiya take jira, har yau ban ba ta ba.

Yarana sun sha jin labarin fim ɗin daga bakina. Ranar nan babbar ta nemo shi a waya, ta zo tana nuna min. "Umma, kin ce dokin fari ne, ga shi baƙi."

Na ce, "Su ne suka yi kuskure. Kakanku ya ce fari ne."