Garkar da Na Jinginar don In Rama

Ni ɗan Gidimuni ne, kuma kafin in zama abin da na zama, yaro ne ni mai riƙo. Ina ƙarami mahaifina ya rasu. Ba a gama zaman makoki ba Baffa, ƙanensa, ya hau kan garkarmu ta bakin tabki, mai dabino da rake, ya ce gadonsa ce. Innata ta je roƙo, ya kore ta a gaban mutane. Ina tsaye ina kallo. Tun ranar na rantse sai na ga hawayensa.

Da na gama lakwal, wato makarantar boko, na samu aiki a wani banki a Damagaram, ina yawon nemo masu buɗe katin bashi. Garaɓasar katin ita ce, sabon shiga in ya yi sayayya mai yawa da shi a watannin farko, sai a ba shi makin da ya isa tikitin jirgi kyauta. Da ƙanana na fara. In mutum bai gane zancen maki ba, sai in karkatar da nasa in sayar. Ba wanda ya lura, ni kuwa hannuna ya saba.

Sai na tuna Baffa, wanda ba shi da zance sai na Umra. Na je gida da goro na durƙusa masa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Baffa, banki na kai mutane Makka kyauta. Takardar garka kawai za a ajiye shaida."

Ya ce, "Ɗana, ba kuɗin ruwa a ciki?"

Na ce, "Ko dala, Baffa."

Ya dangwala yatsa, ya bar mini katin da lambarsa, wai shi bai iya waɗannan abubuwa ba. Na riƙa goga katin a na'urar shagon wani abokina kamar ana sayen kaya, muna raba kuɗin. Maki ya cika, na sayar da tikitin ga wani ɗan kasuwa. Shi kuwa Baffa na buga masa takardar bogi mai hoton jirgi. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na ji har cikin ƙashina. Ina kwance ina hango shi a filin jirgin Yamai da jakarsa, ana juya takardar ana dariya.

Abin da na manta shi ne al'adarmu. Mai tafiya Ƙasa Mai Tsarki ba ya fita sai ya bi gida-gida yana bankwana da neman gafara. Baffa ya zagaye gari, aka yi ta ba shi gudummawa da saƙon addu'a. Ƙarshe ya ɗauki liman da mai gari, suka yi sallama a gidan Inna. Aka ce mini ya zauna a ƙasa, ya ce, "Yaya, ba zan tsaya gaban Ka'aba da haƙƙin marayu ba. Garka taku ce, na mayar. Ki yafe mini."

Inna ta kira ni a waya tana kuka da murna. Ina jin ta, amma na ɓoye mata gaskiya. Wani ɓangare na zuciyata ma cewa yake, ai ya makara, bari ya ɗanɗana. Na bar shi ya hau mota zuwa Yamai.

Ya ɗanɗana kuwa. Aka koro shi daga filin jirgi, ya dawo ya kulle kansa a ɗaki, ko masallaci ba ya iya zuwa don kunyar waɗanda ya yi wa bankwana. Bashi ya yi ta hauhawa, banki ya bi takardar garkar da aka jinginar masa, aka yi gwanjon garka. Da aka bi sawun katin asirina ya tonu, jandarmomi suka zo har wurin aiki suka sa mini ankwa. Abokina mai shago ya rantse a gaban alƙali cewa ko sunana bai sani ba.

A gidan kaso na yi shekarun da aka yanke mini ina tafasa, yau ina tsine wa abokina, gobe Baffa. Na daɗe kafin in yarda cewa tsakanina da Baffa ni ne ban mayar da komai ba. Ina ciki Baffa ya rasu, bai ga Makka ba, ban kuma nemi gafararsa ba.

Da aka sake ni na tuba, na je gida. Na tarar da Inna tana ɗaurin rake a garkarmu, ƙwadago take yi wa wanda ya saya. Ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Shi ya ƙwace ya mayar. Kai fa?"

Samari, ku ji daga wanda ya gwada. Kada ku taɓa katin wani, kada ku ba kowa lambar naku, ko ɗan'uwa ne. In kuma akwai wanda ya cuce ku kuna ta shirya masa, ku kai shi gaban hukuma ko ku bar shi da Allah. Ni na rama, na ga hawayen da na nema, kuma uwata ce take biya har yau.